Ranar da Na'urar Korar Tsuntsaye Ta Zagi Manyan Baƙi

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da na'urar korar tsuntsaye a fadamar Dagumawa ba, kuma ba na jin akwai wanda ya halarci taron nan da zai manta. Tun da ku sababbin ma'aikata kuna ta tsintar labarin guntu-guntu a wajen mai shayi, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara ku ji shi daga bakina, ni da na tsunduma cikin taɓo saboda shi.

Lokacin ina ƙaramar injiniya, ban daɗe da samun tabbacin aiki ba a wannan sashe namu na ƙere-ƙeren aikin gona a nan Wudil. Shugaban sashen a wancan lokaci shi ne Injiniya Alhassan, wanda kowa ke kira Oga. Mutum ne mai kirki da son aiki, sai dai babu abin da yake tsoro a duniya kamar ya ji kunya a gaban manya. Shi ya kira ni ofishinsa wata safiya ya ce, "Injiniya Binta, kin ce kin karanci yadda kwamfuta ke gane abu a hoto. To ga jan baki nan, je ki gane su."

Wanda bai taɓa noman shinkafa ba ba zai san abin da sunan nan yake nufi ba. Jan baki ƙananan tsuntsaye ne, ɗaya ba ya cika tafin hannu, amma ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Garke suke zuwa kamar hayaƙi, su sauka a gona lokacin da ƙwayar shinkafa take da farin ruwa a ciki kafin ta yi tauri, su tsotse ta su bar wa manomi ƙaiƙayi a tsaye. Maganin da aka sani shi ne a ɗaura gwangwanaye a igiya, a ajiye yara su wuni suna ja suna ihu. Ke nan duk ƙarshen damina azuzuwan makarantun yankin rabi suke zama. Abin da ya sa wata hukuma daga Kano ta ɗauki nauyin aikin namu ke nan, don a samu abin da zai yi ihun a madadin yara.

Abin da muka haɗa ba shi da wani kwarjini. Dogon turken ƙarfe ne, a samansa kyamara da farantin sola da lasifika irin ta masallaci, a ƙugunsa kuma akwati mai ɗauke da batir da 'yar ƙaramar kwamfuta. Wahalar tana cikin kwamfutar. Na yi watanni ina nuna mata hotuna, wannan garken jan baki ne, wannan gajimare ne, wannan hayaƙin bola ne, wannan balbelu ne, har ta fara kama kamannin abin: ɗigo-ɗigo masu duhu, da yawa, suna motsi tare a saman shinkafa.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, don duk rigimar daga nan ta taso. Na'ura ba ta san tsuntsu yadda ni da ku muka san shi ba. Ba ta cewa eh, ba ta cewa a'a. Abin da take iyawa shi ne ta ce, wannan abu da nake gani, yiwuwar ya zama garken jan baki kashi kaza ce cikin ɗari. Idan garken ya zo kusa, kuma da rana tsaka ne, sai ta ba shi tasa'in da wani abu. Idan yana nesa ko hadari ya haɗu, sai ta ce hamsin ko sittin. Leda ta tashi a iska ma tana samun nata kason, ko da goma ne. Wannan shi ne lissafin yiwuwa da muke karantawa a makaranta, kuma aikinsa ke nan, ya auna rashin tabbas ya ba shi lamba. Amma lasifika ba ta san rabin ihu ba, ko ta yi ko ta yi shiru. Don haka dole mutum ya zaɓi wata lamba ya ce daga nan zuwa sama a yi ihu. Ita muke kira iyaka. Ni na sa ta a saba'in.

Sai maganar irin ƙarar da za a sa. Mun gwada ƙarar bindiga, 'yan sintiri suka fito da gudu da gorori. Mun gwada haushin kare, karnukan ƙauyen duka suka taru a gindin turken suna mayar da martani. Sarkin Noma Malam Haladu, dattijon da ya ba mu aron tsakiyar gonarsa muka kafa turken, shi ya ce mana jan baki muryar mutum suka fi tsoro, kuma duk yankin babu mai murya irin ta Ɗanlami Sankira, wanda ke yin shela ranar kasuwa da kirari a wajen biki.

Muka ɗauko Ɗanlami muka kawo shi nan ofis, na miƙa masa makirfo na ce ya yi yadda ake korar tsuntsaye. Ya gyara hula ya ce, "Injiniya, da zagi ko babu zagi?" Na ce ya yi yadda aka saba. Ya ja numfashi, sai da gilashin taga ya yi rawa:

"Kai! Kai! Ku tashi, ɓarayin banza! Gonar ubanku ce? Kun shuka ne da za ku ci? Kullum ku zo ku cinye ku gudu, marasa kunya!"

Muka yi ta dariya, Oga har da share hawaye. Muka sa muryar a na'ura, kuma ta yi aiki. Garke ya doso, Ɗanlami ya tsage daga saman turke, sai ka ga baƙin hayaƙin nan ya lanƙwasa ya nufi hayin kogi. Manoma suka yarda da mu har suka fara mayar da yara makaranta. Ganin haka Oga ya sa ranar ƙaddamarwa, ya gayyaci shugaban hukumar da kansa.

Ana gobe taro muka je duba wuri da yamma. Muna tsaye sai ga wasu 'yan tsirarun tsuntsaye sun gilma can gefen gona, na'ura ta yi shiru. Oga ya juyo ya dube ni.

"Me ya sa ba ta yi magana ba?"

Na duba lambar na ce, "Oga, hamsin da biyar ta ba su. Ba su kai iyaka ba."

"Amma tsuntsaye ne."

"Tsuntsaye ne, amma ba ta tabbata garke ba ne."

"To gobe idan suka gilma a gaban Shugaba ta yi gum haka, me zan ce masa? In ce masa ba ta tabbata ba? Mutum ya taso tun daga Kano?"

Na yi masa bayani cewa idan aka sauke iyakar ƙasa sosai, gaskiya ba za ta ƙyale tsuntsu ko ɗaya ba, amma kuma za ta dinga yi wa abin da ba tsuntsu ba ihu. Ya ce ihu ai ba ya kashe kowa, shiru ne ke kashe aiki. Washegari da safe, kafin baƙi su iso, ya tsaya a kaina na mayar da iyakar goma. Ko minti biyar ba a yi ba wata baƙar leda ta taso daga bakin hanya, Ɗanlami ya surfa mata zagi daga sama. Oga ya tafa hannu ya ce, "Kin gani? Yanzu ta yi kuzari."

An kafa rumfuna a bakin gona can bayan turken, inda kyamara ba ta kallo. Tsarin taron shi ne idan Shugaba ya sauka daga mota, za a bi da shi ta 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonar, ya zo gaban turken ya yanke zare, sannan a zagaya rumfa a yi jawabai. Ni aka ba ni tebur kusa da turken, da kwamfutata wadda nake iya kashe na'urar da ita daga nesa kaɗan. Amma na tafi ɗauko almakashi na dawo, sai na tarar wani jami'in tsare-tsare daga hukumar ya sa an ɗauke teburina an kai can bayan motoci kusa da masu kulolin abinci, wai yana tare wa masu hoto. Ban kawo komai a raina ba. Shi kuwa Ɗanlami, da yake shi ne sankiran gari, shi aka ba makirfon taro.

Wajen hantsi motoci suka iso. Shugaba ya fito, dogon mutum mai furfura, ba ya yawan magana, cikin farar babbar riga mai aiki baƙi tun daga wuya har ciki. A bayansa daraktoci da kansiloli da masu riƙe jaka, kowa da hularsa mai zane. Suka jeru a kan siririyar hanyar nan ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa ta yi tsayi ta rufe su har ƙirji, ba abin da ake gani daga sama sai huluna masu duhu, da yawa, suna tafiya tare a saman shinkafa. Ina hango su daga bayan motoci, sai na tuna abin da na koya wa na'urar nan da hannuna.

Ɗanlami ya ɗaga makirfo yana cewa, "Ga shi nan tafe, uban talakawa, mai share hawayen manoma, taka a hankali ɗan manya..."

Sai Ɗanlami na saman turke ya amsa masa:

"Kai! Kai! Ku tashi, ɓarayin banza! Gonar ubanku ce?"

Layin ya tsaya cak. Na bayan suka yi karo da na gaba. Makaɗan taro suka daina kiɗa.

"Kun shuka ne da za ku ci? Kullum ku zo ku cinye ku gudu, marasa kunya!"

Na danna kwamfuta, ba ta kama na'urar ba, an kai ni nesa. Na sake dannawa, shiru. A can kuma Oga ya ruga gaban turken yana kaɗa hannayen babbar rigarsa yana cewa, "Shhh! Ya isa! Ya isa!" Daraktoci suka taya shi, wasu suka cire huluna suna kaɗa wa kyamara. Ita kuwa na'ura ta ga ɗigo-ɗigon sun ƙaru, har sun fara tashi sama, sai ta ƙara samun ƙarfin gwiwa. Tana gama zagin sai ta koma farko.

Wani ɗan sanda daga cikin masu rakiya ya gane muryar. Ya yi kan Ɗanlami na ƙasa ya cafki wuyan rigarsa. Makirfon kuwa a kunne yake, don haka duk fadamar ta ji Ɗanlami yana cewa, "Wallahi yallaɓai ba ni ba ne! To, ni ne, amma ba yau na faɗa ba!"

Manoman da suka yi ta danne dariya tun farko, nan ta ƙwace musu. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe da ciki. Daga can baya na ji wani ya ce, "Ashe na'urar nan ta san mutane."

Hanyar ta cushe da manya, babu ta inda zan bi. Na cire takalmi na tattare sabuwar atamfar da na ɗinka don ranar, na yanki cikin gona. Taɓo har gwiwa, ƙafa ɗaya ta fito ɗaya ta nutse, ga zagi yana sauka a kaina, don ni ma ina shiga ta lissafa da ni. Da na kai gindin turken na buɗe akwatin na fizge wayar lasifika. Ɗanlami na sama ya tsaya a tsakiyar "marasa".

Shugaba bai motsa daga inda yake ba tun farko, hannayensa a baya. Ya dube ni daga ɗankwali har taɓo, ya ce, "Ke ce injiniyar?"

Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Me ta gani?"

Na yi masa bayani a gajarce, cewa ba ta san ɓarawo ba, ba ta san mai gaskiya ba, lamba kawai take bayarwa ta yiwuwar abin da ke gabanta garken tsuntsaye ne.

"To mu nawa ta ba mu?"

Na leƙa ɗan gilashin da ke cikin akwatin. "Da kuka doso ashirin da uku ne, ranka ya daɗe. Da aka fara kaɗa huluna ta kai arba'in."

Ya ce, "Wato ita kanta ba ta tabbata ba, amma ta buɗe baki haka?"

"Haka aka saita ta, ranka ya daɗe."

Bai tambayi wanda ya saita ba, ni ma ban faɗa ba. Oga yana gefe yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Shugaba ya ce, "Ina da irinta da yawa a ofis." Ya karɓi almakashi ya yanke zaren, ya ce a saki sankira, ya koma mota ko lemo bai sha ba.

Da yamma aka bugo wa Oga waya daga Kano cewa an dakatar da maganar faɗaɗa aikin zuwa sauran fadamomi sai an sake nazari. Washegari ya kira ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Daga yau kada na'urar nan ta sake buɗe baki sai ta tabbata ɗari bisa ɗari." Na ce masa babu ranar da za ta ce ɗari, ba a gina ta haka ba. Ya ce to abin da ke ƙasa da ɗari. Na ce Oga, idan aka sa tasa'in da tara, tsuntsaye za su zo su ci su ƙoshi tana kallo. Ya ce shi dai ba za a sake zagin kowa da sunan sashensa ba. Na je na mayar da wayar lasifika, na sa tasa'in da tara.

A makon ne kuwa babban garke ya sauko daga gabas, daidai lokacin da shinkafa take cikin ruwanta. Yara suna makaranta, manya sun tafi kasuwar Juma'a a Wudil, kowa ya dogara da turke. Daga baya da na duba abin da na'urar ta adana, na ga ta gan su sarai. Ta ba su tamanin da takwas, ta ba su tasa'in da huɗu, har tasa'in da bakwai, tana tsaye cikin ladabi ba ta ce uffan ba. Akwai hoton da ba a ganin komai sai ƙafar tsuntsu, don a kan kyamarar ya sauka ya huta.

Ranar Litinin Malam Haladu ya zo ofis da kansa a kan babur. Ya yi sallama, ya gaisa da Oga gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiyar taro, sannan ya kwance wani ƙunshi ya zube a kan tebur. Zangarniyar shinkafa ce, fara fat, babu ƙwaya ko ɗaya. Ya ce, "Wannan daga gefen gabas ne, nawa da na Inna Kande. Ni ina da wata gonar a tudu. Ita ba ta da ko'ina, kuma jikoki take ciyarwa. Mun zo mu ji, ita na'urar taku manya kaɗai take iya yi wa tsawa?"

Oga ya ɗauki zangarniya ɗaya ya murza a hannu. Na faɗa muku mutumin kirki ne. Ya ce, "Binta, me za a yi?" Na ce mu je can mu zauna da masu gonar, don lambar nan da muke ta hawa da sauka da ita a ofis, a gonarsu take sauka.

Muka zauna a ƙarƙashin wata tsamiya a bakin fadama, manoma maza da mata, da Ɗanlami wanda tun ranar taron bai sake karɓar makirfo ba. Kowa da abin da yake so. Malam Haladu ya ce shi abin da ya sani shi ne na'ura ta yi ihu in tsuntsu ne, ta yi shiru in ba shi ba ne, mene ne abin wahala a nan? Maimakon in yi dogon bayani, sai na buɗe kwamfuta na ce zan nuna musu hotunan da kyamarar ta ɗauka, su faɗa mini da kansu.

Na farko garke ne a fili, kowa ya ce jan baki. Na biyu saniya ce, aka yi dariya. Na uku wani duhu ne can nesa a ƙarƙashin hadari. Malam Haladu ya ce jan baki ne, ya rantse da shekarun da ya yi yana noma. Oga ya gyara tabarau ya ce hayaƙi ne. Inna Kande ta ce ita dai ba ta gani sosai amma ya yi mata kama da ganyen da guguwa ta ɗebo. Aka rabu gida uku ana musu. Da na nuna hoton da ya biyo bayansa, sai ga shi tarin ledoji ne iska ta kwaso daga bola. Na nuna wani, Oga da Sarkin Noma suka haɗa baki suka ce wannan kam leda ce. Tsuntsaye ne. Inna Kande ta ce, "To ku biyu ma a ɗora ku a kan turken mana."

Na ce musu abin da ke damun na'urar ke nan. Akwai abin da yake a fili, akwai wanda ko idon mutum sai dai ya yi zato. Duk inda muka sa iyaka za ta yi kuskure, sai dai mu zaɓi wane irin kuskure za ta fi yi: ta yi ihu babu tsuntsu, ko ta yi shiru ga tsuntsu. Ni na san lissafin yiwuwa, amma ban san nauyin kowane kuskure ba, su suka sani.

Malam Haladu ya ce in haka ne a bar ta ta wuni tana ihu ba tsayawa, kunnensa ya ɗauka. Inna Kande ta ce a'a, ta tuna masa da mutum-mutumin da ya kafa bara, wanda kafin a yi girbi tsuntsaye sun mayar da shi wurin hira. Abin da ba ya daina tsoratarwa, in ji ta, daina tsoronsa ake yi. Wani matashi ya ce shi gonarsa a bakin hanya take, ba ya son surukinsa ya zo wucewa a tambaye shi ko gonar ubansa ce. Wani ya ce ai ba kowane lokaci ne abin yake da haɗari ba, kafin shinkafa ta fitar da kai ko sun sauka babu abin da za su ci, in ta bushe ma ɓarnar ba ta kai ta lokacin ruwan ba.

Daga wannan musu muka fitar da tsarin da kuke gani a na'urorinmu yau. Idan lambar tana ƙasa, shiru. Idan tana tsaka-tsaki, inda na'ura take shakka, sai ta kaɗa ƙarar gwangwanaye kawai, wadda ba ta ci wa kowa mutunci, ta kuma aika saƙo wayar mai gonar ya leƙo da idonsa. Idan ta haura sama, sannan murya. Iyakokin kuma ba a kafe suke ba: a makonnin da ƙwaya take da ruwa a sauke su ƙasa, don shiru a lokacin ya fi tsada, in ta yi tauri a ɗaga. Kuma manoma ne za su ce lokaci ya yi, ba ofis ba.

Saura maganar zagi. Oga ya ce a sake ɗaukar muryar cikin ladabi. Ɗanlami ya gwada a nan ƙarƙashin tsamiya: "Bayin Allah, don Allah ku yi haƙuri ku koma gaba." Ko kajin da ke kiwo kusa da mu ba su ɗaga kai ba. Ya ce shi gaskiya muryarsa ba ta tashi sai ransa ya ɓaci. A ƙarshe aka daidaita cewa zai yi zaginsa yadda ya saba, amma kowace jimla sai ya ambaci sunan wanda yake zagi. Shi ya sa har gobe in kun je fadama za ku ji, "Jan baki ɓarayi! Ku nake nufi, jan baki, ba kowa ba!"

Ba zan ce muku daga nan ba ta sake kuskure ba. Ta kaɗa wa garken tumaki gwangwani, ta taɓa yi wa 'yan rakiyar amarya tsawa, akwai kuma ranar da aka yi ruwa da iska garke ya sauka ba ta gani ba. Amma sauran shinkafar ta kai girbi. Abin da Inna Kande ta rasa, manoma suka haɗa mata daga nasu, Oga ma ya sa hannu daga aljihunsa ba tare da ya bari an faɗa a taro ba. Hukumar ta aiko mutum biyu suka wuni a fadama suna kallo, su ma a bayan kyamara suka zauna don gudun tsautsayi, kuma kafin damina ta zagayo aka ce mu kafa a Utai da Achika.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, duk wanda za ku yi wa aiki tabbas yake so, babba ne ko manomi, kuma ba laifinsa ba ne. Ku kuma ba ku da tabbas ɗin da za ku ba shi, lamba kuke da ita. Kada ku ji kunyar cewa kashi sittin ne idan sittin ne, kada kuma tsoron wani ya sa ku ja iyaka sama ko ƙasa a cikin ofis. Lissafi zai gaya muku sau nawa na'ura za ta yi kuskure, amma ba zai gaya muku a kan wa kuskuren zai faɗa ba. Wannan sai kun cire takalmi kun je kun tambaya. Kafin ku saki bakin kowace na'ura ko ku ɗaure shi, ku nemo mutum biyu ku zaunar da su wuri ɗaya: wanda zai sha zagi in ta yi magana, da wanda zai kwana da yunwa in ta yi shiru.